Hancin Don Amílcar

Doña Herminia ta dire tulun a kan kanta da ƙarfi, har kofunan ɗanɗano suka yi ƙara.

"Sansana," ta ce.

Don Amílcar Olguín ya ajiye tsumman da yake goge kanta da shi. Ya gane tulun, irin na gilashin nan ne mai cin lita biyar da ake saka wa kwandon roba, kuma shi da hannunsa ya cika mata shi da giyar inabi jiya da yamma daga gangar ɗakin baya. Ya zare murfin, ya kai hanci bakin tulun, ya lumshe ido yadda ya saba yi sama da shekara talatin da shida. Ya ja numfashi. Iska kawai ya ji, mai sanyi.

"Mm," ya ce, yana satar kallon fuskarta ko za ta gaya masa abin da hancinsa ya ƙi gaya masa.

"Mm ɗin me? Kananzir ne, Don Amílcar, kananzir! Mijin 'yata ya kurɓa ya fesar min a mayafin tebur, a gaban uwarsa. Na san laifin Rufino mijina ne, shi ya ɗauki tulun ya sayo wa na'urar ɗumama ɗaki mai, ya mayar cikin sauran bai faɗa wa kowa ba, kuma tun jiya yake jin nasa. Amma kai fa? Ba a gabana ka sa hanci ba? Ba ka ce min tas yake ba?"

Mutum biyu ne a shagon suna jiran a sallame su. Dukansu suka duƙufa karatun takardun jikin kwalabe, irin karatun da kunne ke yi.

A unguwarmu ta gabashin Rivadavia tulun giyar inabi ba ya zama banza. In giya ta ƙare, a jiƙa zaitun a ciki, ko a ɗura markaɗen tumatir na shekara, ko a aika da shi gidan mai. In an tashi sayen giya a ɗauraye shi sama-sama a kawo. Shi ya sa Don Amílcar ba ya cika tulun kowa sai ya sansana. Ya taɓa gaya wa wata mata cewa ta ajiye tafarnuwa a nata shekara biyu da suka wuce, ta rantse ba ta yi ba, ta je gida ta tambayi 'yarta, ta dawo tana ba shi haƙuri. Har yau ana ba da wannan labari.

"Mura ce, Doña Herminia," ya ce. "Sanyin Agustan nan ya toshe ni. Bari in ba ki wani."

"Ba na son tulun da ban san tarihinsa ba. Da yamma zan kawo nawa ɗayan. Wannan kuwa ka ba motarka ta sha."

Ta fita. Kowa ya san daga nan gidan burodi za ta, kuma abin da ya shiga gidan burodi da safe, kafin rana ta take ya zaga unguwa.

Ba mura ba ce. A watan Mayu ya yi zazzaɓin kwana tara, ya tashi komai ya dawo masa, ƙarfi da cin abinci da faɗansa, ban da ƙamshi da wari. Ya je asibiti a birnin Mendoza a ɓoye, ya ce wa matarsa tayar mota zai duba. Likita ya ce zai iya dawowa nan da wata guda, ko shekara, ko kuma ya tafi kenan. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin dankali. Amílcar ya dawo a bas yana kallon gonakin inabi da aka aske wa rassa, tsoro ya cika shi, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka binne mahaifinsa. Bai gaya wa kowa ba.

Wata uku yana rayuwa da abin da ya haddace. Ya san kowace kwalba da ke kan katakon nan kamar 'ya'yansa, don haka bakinsa bai rasa abin faɗa ba.

"Don Amílcar," in ji Ovidio direban bas, ɗaya daga masu jiran, yana ɗaga wata kwalba mai takardar ruwan zinari. "Uwargida ta yi taliya da miyar tumatir. In tafi da wannan?"

"Ajiye ta, Ovidio. Rabin kuɗinta na kwalbar ne, sauran rabin na wanda ya zana takardar. Kai da ba ka iya shan kofi ɗaya sai ka antaya masa ruwan soda, me za ka yi da giyar da ta kwana shekara biyu a gangar katako? Ɗauki bonardar nan ta ƙasa. Ta bara ce, ba ta da nauyi, tana jituwa da tumatir, kuma ba ta fushi da soda. Ranar Lahadi in za ka gasa haƙarƙari ka zo in ba ka malbec matashiya, wadda ba za ta sa ka sayar da taya ba. Giyar kullum kamar maƙwabcin kirki take, ana zama da ita ba a gajiya, ba ta kuma cika baki."

Ovidio ya yi dariya ya ɗauki bonarda. Sai dai kafin ya fita ya tsaya ya ɗan dubi tulun kananzir ɗin, sannan ya dubi Amílcar, ya ce, "Allah ya sawwaƙe murar."

A bakin ƙofa akwai allon da kowa a unguwar yake dubawa kafin ya shigo. A samansa an rubuta da fenti, AMÍLCAR YA CE, a ƙasa kuma giya uku da alli, masu kyau masu araha, yana sauya su duk mako. Ba shi da gona, ba shi da takardar makaranta. Wannan allon da wannan hancin su ne duk abin da ya tara a duniya.

Ana wata ga wata. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a bakin magudanar ruwa, Griselda Bazán ta sauko rungume da kwalabe uku marasa takarda. Ganin ta gabansa ya faɗi. Ya manta sarai cewa makon ne.

Griselda 'yar amininsa ce marigayi Ceferino, kuma shi ya tsaya mata a coci ranar baftismarta. Yanzu ta haura arba'in, ita ke riƙe da ƙaramar matsar inabin da uban ya bari. Duk Agusta, tun zamanin Ceferino, ana kawo wa Amílcar ɗanɗano daga manyan tankuna uku, ya zaɓi wanda za a cika masa gangunansa da shi. Wanda ya zaɓa shi unguwa za ta sha da abincin rana har shekara ta zagayo.

"Kawu," ta ce, ta sumbace shi a kumatu. "Ka rame."

"Ke kuma kin yi baƙi. Ba ki da malafa ne?"

Ta jera kwalaben, kowace da lambarta a jikin murfi. Ba ta yi dariyar da ta saba ba.

"Bana ba zaɓi kaɗai na kawo maka ba. Ɗaya daga cikin tankunan nan yana hana ni barci. Ba zan faɗa maka wanne ba, kar in sa maka ra'ayi. Na kai ɗakin gwaji sun ce duka uku lafiya, amma takarda ba ta da hanci. In ya fara juyawa, gobe da safe motar masu ruwan tsami za ta bi ta wajenmu, in ba su shi in huta da rabin asara. In kuwa na ɗure shi a tuluna, zafin Disamba na zuwa zai zama ruwan tsami a teburin mutane da sunan Bazán a jiki. Baba yakan ce kai kana jin giya za ta lalace tun ita kanta ba ta yanke shawara ba."

"Babanki ya cika zuzuta abu."

Ya zuba a kofuna uku. Ya ɗaga na farko wajen hasken taga, ya juya shi, ya tsoma hanci har gilashin ya taɓa girarsa. Ya kurɓa, ya wasa a baki, ya tofar a bokiti. Haka na biyu, haka na uku. Harshe ya ba shi abin da harshe ke iya bayarwa, ɗan tsami, ɗan bauri, duka ukun kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Giyar da ta fara juyawa kuwa hanci take fara gaya wa, sai ta gama lalacewa harshe ke samun labari.

Griselda tana kallonsa kamar yadda take kallonsa tana 'yar shekara bakwai a kan gangar babanta.

"Sun yi sanyi," ya ce. "Bar su su sha iska. Ki dawo ƙarfe biyar, bayan barcin rana."

Ƙarfe ɗaya ya ja ƙofar ƙarfen shagon ya rufe. Ya daɗe tsaye gaban kofunan. Ya yi tunanin ya nuna ɗaya da ka, ai cikin uku ba a rasa sa'a. Ya yi tunanin ya ce duka lafiya, tunda takarda ma haka ta ce. Kowanne ya tuna sai ya ga fuskar Ceferino. Ya wanke baki a famfo, ya fita ta titi, ya zaga ya shiga gidansa ta ƙofar gaba.

Akwai ƙofa tsakanin shago da gida, amma shekara talatin da shida ba a buɗe ta ba, har an jingina mata kujerar ɗinki. Zulema matarsa ba ta shan giya, ba ta yarda kuma a shigo mata da ita gida. Ubanta ɗan ƙwadagon gonar inabi ne da ake biyansa wani ɓangare na ladansa da giyar da ta fara tsami, ya sha ya dawo ya sauke a jikin uwarsu. Tana 'yar shekara goma sha biyu ta durƙusa gaban Budurwa Maryamu ta yi alkawarin ɗigo ba zai taɓa shiga bakinta ba. Sai ga shi duk mazan Rivadavia ta rasa wanda za ta so sai mai sayar da giya. Mutane sun yi dariyar abin shekara biyu, suka gaji suka bari.

Tana tsaye a gaban murhu tana juya faten wake da tsiran alade. Ya matso ta baya ya sumbaci wuyanta, kamar kullum.

"Kin yi ƙamshi, tsohuwa."

Ta zuba musu abinci, ta yanka burodi, ta zauna. Ya ci cokali uku, abincin kamar ɗumin ruwa da gishiri.

"Na haɗu da Herminia a gidan burodi," ta ce.

"Mura ce."

"To. Na kuma ga motar Griselda."

"Ta kawo ɗanɗano."

"Wanne ka zaɓa?"

Tun da suka yi aure ba ta taɓa yi masa wannan tambayar ba. Ya ajiye cokali. Ya buɗe baki zai sake kawo zancen sanyin Agusta, sai ya fasa. Ya dubi hannuwansa a kan tebur.

"Zulema, ba na jin komai. Tun zazzaɓin nan. Ko giya, ko kananzir, ko waken nan. Likita ya ce wataƙila ba zai dawo ba."

"Likitan taya," ta ce.

Ya ɗago kai.

"Tsoho, turaren nan mai ƙamshin lemo da kake saya min duk ranar haihuwata, tun watan Yuni na daina shafawa. Na daina ne in ga ko za ka tambaya. Yau kwana saba'in da wani abu, kullum sai ka sumbaci wuyana ka ce na yi ƙamshi." Ta ture farantinta gefe. "Hancin bai ba ni haushi ba, wannan na Allah ne. Abin da ya ci min rai, kullum ka dube ni ka yi min ƙarya, kuma da maganar da na fi so a bakinka."

Kunya ta rufe shi har ya ji kunnuwansa suna zafi. Ya so ya ce don kar ya tayar mata da hankali ne, amma ya san ba haka ba ne. Tsoro yake ji kar ta dube shi ta ga tsoho kawai, mai shago kamar kowane mai shago.

Ya gaya mata zancen tankin Griselda, da motar gobe da safe, da ƙarfe biyar. Ta saurara har ya gama. Ta dinga murza ɓarɓashin burodi da yatsa. Can sai ta miƙe ta nufi lungu, ta kama kujerar ɗinkin ta ja gefe.

"Zo ka taimaka min da sakatar nan, ta yi tsatsa."

"Zulema, alkawarinki."

"Alkawarin kar in sha na yi, ba na sansanawa ba. Buɗe kafin in fasa."

Sai da ya sa guduma. Ƙofar ta buɗe da kuka, Zulema ta tsaya a bakin ta toshe hanci da gefen rigarta, warin shekara talatin da shida ya tare ta. Wannan matar ita ce ke jin gas yana yoyo a gida na uku, ita ce ke cewa madara za ta lalace gobe, kuma ta lalace. Amílcar ya sha tsokanarta cewa an yi asarar hanci a gidan nan.

Ta taka ta shiga. Ya miƙa mata kofi na farko, ya nuna mata yadda ake juya shi. Ta riƙe shi nesa da jiki kamar mai riƙe da ɓera ta wutsiya, sannan a hankali ta kawo shi kusa.

"Ban san kalmominku ba."

"Faɗi abin da ya tuna miki."

"Ɓaure da aka shanya a rufin kwano." Ta sake ja. "Da ɗan ƙamshin kwanon da aka dafa jam na 'ya'yan itace a ciki. Ba laifi."

Na biyu ta ce ƙasa ce ranar da aka sako wa unguwa ruwan ban-ruwa, da barkono kaɗan, ya fi na farko hayaniya. Amílcar yana jin maganarta yana ganin giyar a ransa sarai.

Ta ɗauki na uku. Ta kai hanci sau ɗaya. Hannunta ya tsaya cak. Ta ajiye kofin a kan kanta a hankali, ta ja da baya har ta jingina da katakon kwalabe, fuskarta ta zama ta wata yarinya da bai taɓa sani ba.

"Babana," ta ce. "Akwai ɓauren a nan ma, amma shi yana can ƙasa, a ƙarƙashinsa. Kaɗan ne, amma shi ne. Haka numfashinsa yake in ya shigo yana neman inda Mama ta ɓuya."

Ta je famfo ta wanke fuska, ta daɗe tana wankewa. Ya tsaya a bayanta riƙe da tawul. Da ta juyo idanunta sun yi ja.

"Ka ba unguwa na farko. Shi za a iya zama da shi kullum."

Ya gyaɗa kai. Sai kuma, don shi ɗan adam ne kuma ya fara ganin hanyar tsira, ya yi ƙasa da murya.

"Tsohuwa, tunda ƙofar ta buɗu. In an kawo tulu, sai in ce zan ɗauraye a baya, in miƙo miki ta nan. Ba wanda zai sani."

Ta karɓi tawul ɗin ta goge hannu, yatsa bayan yatsa.

"Uwata ta shekara ashirin tana rufa wa namiji asiri a bayan ƙofa, da shi aka binne ta. Ni ba zan gada ba. In kana son hancina, ka kira ni a gaban mutane. In ba za ka iya ba, mayar da kujerar ɗinki inda take."

Ta koma cikin gida ta jawo ƙofar, amma ba ta sa sakata ba.

Bai yi barcin rana ba. Ya zauna a kan akwatin kwalabe har rana ta karkata, yana kallon bayan allon da ya shigo da shi. Ƙarfe biyar saura ya ɗaga ƙofar ƙarfe, ya fitar da allon ya kafa. Griselda ba ta makara ba.

"Na uku," ya ce mata. "Ki ba masu ruwan tsami. Na farko ki cika min ganguna."

Ta dafe kanta da hannu biyu, ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo.

"Shi ne. Shi nake zargi, tun ranar da murfinsa ya kwana a buɗe. Kai Kawu! Da safe a gidan burodi na ji ana wasu maganganu a kanka, na ce musu ku dai ku ci burodinku. Hancin Don Amílcar sai dai a binne shi da shi."

Daɗin maganar ya ratsa shi har ƙafa. Abin da ake bukata kawai ya yi murmushi ya ɗaga kafaɗa, ta tafi ta baza labari, zancen kananzir ya mutu kafin Lahadi.

Sai ga Doña Herminia ta shigo, tulu a hannu, Ovidio direba a bayanta ya dawo sayen soda. Ta ɗora tulun a kan kanta, ta harɗe hannuwa.

"Ga shi. Na san abin da ya taɓa zama a cikinsa, amma ba zan faɗa ba. Murar ta sake ka?"

Sabo turken wawa. Hannunsa ya riga shi, ya zare murfin, ya ɗaga tulun, idanunsa har sun fara lumshewa. Bakin gilashin ya taɓa gashin bakinsa, da sanyi. Su uku suna kallonsa.

Ya sauke tulun a hankali. Ya juya wajen ƙofar nan da duk unguwa ta san ba ta buɗuwa.

"Zulema," ya kira a hankali, sai ya ɗaga murya. "Zulema! Zo ki sansana wa Doña Herminia tulunta."